Ruwan Tinya a Bakin Kibiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga Kande ɗiyar Tanko, haifaffiyar Darini, mazauniyar Runka a ƙasar Katsina, zuwa ga yayana Ɗanjuma, a duk garin da wannan takarda ta riske shi. Gaisuwa mai yawa da ban girma, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, in Allah ya ba ka iyali. In ka tambaye mu, muna nan da rai, mun gode Allah. Bayan haka.

Yaya, ka yi haƙuri, maganar cikin gida zan yi maka amma a bainar jama'a za ka ji ta. Ban san inda kake ba. Shi ya sa na rubuta takardar nan har sau huɗu, na ba fataken da suka yada zango a garinmu, na roƙe su don Allah a karanta ta da ƙarfi duk inda Katsinawa suke sauka. Wataƙila kana gefe kana gyaran mangala ka ji sunanka. Wataƙila wani da ya san ka ne zai ji ya kai maka. Waɗanda abin bai shafa ba su sha labari, ban hana su ba.

Ga dalilin rubutun. Inna tana raye, amma ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun daminar bara, abincinta bai wuce loma uku ba, ni da nake juya ta kuwa ban ga alamar za ta kai wata kakar ba. So nake ka zo ta gan ka. Na kuma san ba za ka zo ba sai ka ji abin da na ɓoye maka shekara ashirin da shida. Zan faɗa, amma ka bar ni in bi ta hanyar da zan iya.

Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne maganar wani dattijon bafatake da ya zo shan fura a wurina. Da ya ji ana ce mini Kande ta Darini, sai ya ce ya taɓa sauka zango ɗaya da wani mutumin Darini a hanyar kudu, dogo, marar yawan magana, da tabo a bayan hannun hagu kamar an ɗiga masa wuta. Ya ce sunan ya kwanta masa. Ni ban nemi sunan ba. Na san tabon, ina tsaye aka yi maka shi.

Kafin komai, in ka taso kada ka nufi Darini. Gidanmu na can ya zama kufai. Shekara tara ke nan da mahara daga arewa suka ƙone unguwarmu, suka kore dabbobi, suka tafi da waɗanda suka tafi da su. Baba bai ga wannan ba, ya riga ya rasu kafin nan, ciwon ciki ne na kwana shida, Allah ya jiƙansa. Mu da muka tsira muka kwashi abin da kai zai iya ɗauka muka shigo Runka, don ita tana da ganuwa.

Ganuwar kuwa ta tsare mu, ba zan yi butulci ba. Amma Yaya, zaman tukunya muke yi an kifa murfi. Ƙofa biyu ce, ba a buɗewa sai rana ta ɗaga, ana rufewa da la'asar. Bayan katangar an dasa sarƙaƙiya, ko akuya ba ta ratsawa. Gonar da ake nomawa ita ce wadda mai tsaro zai hango daga sama, in ya busa ƙaho kowa ya yar da fartanya ya sheƙo. Mijina gonarsa ta yi nisa da jin ƙaho, a can aka same shi. Ya bar ni da yara biyu.

Tun daga ranar sau uku na taka bayan ƙofa, duk don itace, duk da masu baka a gaba da baya. Mutane suna tausaya mini wai ido ɗaya gare ni. Ni kuwa cewa nake ya ishe ni, me ke cikin Runka da sai an sa ido biyu? Gabas katanga, yamma katanga, tsakiya rijiya da gulmar mata. Na gaji, Yaya. Akwai ranar da nake jin kamar in hau rumbu in yi ta ihu har muryata ta tsallake.

Yaran garin nan su suka fi ba ni tausayi. Ƙaramar 'yata ba ta taɓa ganin rafi yana gudu ba. Wasansu ɗaya ne, wai shi rufe-ƙofa: ɗaya ya haɗa hannu ya busa kamar ƙaho, sauran su kwaso a guje, wanda ya zo ƙarshe a rufe da shi a waje ya zauna yana kukan ƙarya. Wani lokaci kukan ya zarce ya zama na gaske. In ina kallonsu sai in tuna mu, da daji yake buɗe tun daga bayan gida har gindin dutse, ba mai kiranmu sai yunwa.

Ka tuna dokin kara? Kai kake zaɓen karan dawa mai kauri, ka lanƙwasa kansa, ka yi masa linzami da ɓawon rama. Nawa kullum shi ne wanda ya karye a tsakiya. In kuma wasan fatauci ne, kai ne madugu, ni ce jakin. Ka ɗora mini buhun ƙasa a baya ka ce mun nufi Gwanja, mu zaga rumbu sau bakwai, ka ce mun iso, in ba ka ruwa. Ban taɓa tambayarka me ya sa jaki ne yake ba madugu ruwa ba.

Shanun laka kuma a wurin yaran rugar Fulani muka koya, a bakin tabki. Su nasu har tozo gare su da laɓɓa tana reto a wuya, kowace saniya da sunanta. Namu sai ka ce karnuka masu ciki. Ƙahon farar ƙaya muke soka musu, mu shanya a rana. Kai ne ka kawo dabarar gasa su a murhun Inna wai su yi ƙarfi. Bijiminka ya fashe, ƙahonsa ya faɗa tukunyar miyar kuka, Baba ya tauna. Ranar kowa ya ci tuwo da dariya ban da mu biyu.

'Yar tsanata ta ƙashin ƙafar ragon layya ce. Kai ka huda mata idanu da bakin wuƙa, ni na yi mata kitso da baƙin zare, na goya ta da tsumma har bayana ya yi kanta. Sau nawa ka sace ta ka ce ganimar yaƙi ce, sai na fanshe ta da aduwa cikin tafi? Sau ɗaya na ƙi fansa don in ga abin da za ka yi. Ka kwana biyu da ita a cikin riga, sannan ka ajiye mini ita a bakin ɗaki ka ce ta cika ci.

Waɗannan su ne masu sauƙin. Sauran kuwa, in na tuna yanzu da nake uwa, sai in ga Allah ne kawai ya tsare mu.

Koɗi dai kai ka san shi fiye da ni. Ku goge bakin katantanwa a dutse har ya yi tsini, ku murza a ƙasa, wanda nasa ya riga faɗuwa ya miƙa bayan hannu a sare shi da tsinin. Wani ƙaton yaro daga Yasore da ya zo ganin kakarsa ya cinye ka sau biyar a jere, kuma duk wuri ɗaya yake nufa. Jini yana bin yatsunka kana cewa a sake. Na roƙe ka ka bari, ka ce in tafi wurin mata. Wurin ya yi ruwa, ya yi wata bai rufe ba, shi ne tabon da bafataken nan ya gani.

Majaujawa an ba ka ita don korar tsuntsu a gonar gero, kai kuwa ka mai da ita ta gwada saiti. Ka ce za ka sauke goruba daga sama, dutsen ya bi iska ya fasa tulu a kan wata baiwar Allah da ta ɗebo ruwa. Ta tsaya jiƙe sharkaf da wuyan tulun a hannu tana neman mai laifi, mu muna kwance cikin gero muna cizon hannu. Da dutsen ya sauko da ɗan yatsa biyu, da wani labarin ake yi.

Kunama ma mun yi kiwonta. Ka danne ta da tsinke, ka karye ƙarin, ka ɗaura mata zare, mu ja ta muna zagaya gida. Wata rana ƙarin bai gama karyewa ba. Kai ka sha harbin, ni na sha dukan, wai me ya sa ban faɗa wa manya ba.

Duk wannan mun yi, mun tashi lafiya. Sai baka.

Shekararka goma sha uku, tawa takwas. Ka saro reshen dargaza ka lanƙwasa, ka yi tsarkiya da igiyar rama, kibau na kyauro, a bakin kowace ka ɗaura ƙayar aduwa. Kwarin ma na tukurwa ne, ka rataya a kafaɗa kana tafiya kana buɗa hannu kamar wani babban maharbi. Saitinka yana da kyau, wannan ba zan hana maka ba. Sai dai in ka harbi ƙadangare, girgiza yake ya gudu da kibiyar a bayansa, abin yana cin ranka.

A shekarar ne aka bar ka ka je gindin dutse ka kalli maharba suna dafa dafin kibiya. Mace ba ta zuwa wurin, ko inuwarta ba a so ta faɗa kan tukunyar. Ka dawo kana ta cika baki, ka ce da za a ba ka ɗigo ɗaya da ƙadangarun Darini sun ƙare. Na ce ka faɗa mini yadda ake yi. Ka ce mace ba ta san dafi ba, in je in goyi ƙashina. Maganar nan ta ƙona ni, Yaya. Na kwana uku ina tauna ta.

Ka tuna shingen tinya na bayan gidanmu, wanda Inna take cewa kada mu taɓa, in mun taɓa kada mu kai hannu ido. Da hantsi, kana gona, na ɗauki sakaina na karya reshen tinya, farin ruwan nan ya ɗiɗɗiga na tara. Na zaro kibanka shida daga kwari, na tsoma bakin kowace, na jera a rana suka bushe, na mayar. Nufina in ka harbi ƙadangare ya faɗi nan take, ka tsaya kana mamaki, ni kuma in ce maka ga macen da ba ta san dafi ba.

Ni na sa tinyar. Ba kai ba ne, ba wani yaro ba ne, ba tsautsayin shinge ba ne. Duk wanda ake karanta wa takardar nan ya zama shaida.

Da ka dawo ba ka nemi ƙadangare ba. Yara suka taru aka ce a yi wasan mahara da 'yan gari, kamar yadda aka saba. Aka ba ni faifai a matsayin garkuwa, aka ce in kare fuska, kai za ka harbi faifan. Mun yi haka sau da yawa, ƙayar takan maƙale a jikin kaba ne kawai. Na san abin da ke bakin kibiyar, kuma ban ce a tsaya ba, don in na faɗa dabarata ta lalace. Da na ji ka ja tsarkiya sai na sauke faifan kaɗan in leƙa. Har yau ban san abin da nake son gani ba.

Ƙayar ba ta shiga sosai ba, gefen idon ta karta. Wanzamin da aka kira ya ce in don ƙayar ce, kwana bakwai ya warke. Amma kafin azahar idon ya kumbura ya rufe, ina birgima a ƙasa kamar an zuba mini garwashi. Wanzamin ya ce wannan ba aikin ƙaya ba ne, a kawo kibiyar. Baba ya zazzage kwarinka a tsakar gida, ga sauran biyar, kowace da farin abu busasshe a baki. Wanzami ya shinshina ya ce tinya ce.

Ina ɗaki an ɗaure mini fuska, amma kunnena yana waje. Na ji Baba ya tambaye ka wa ya sa, ka ce ba ka sani ba. Ya sake tambaya, ka sake cewa ba ka sani ba. Ya ce bayan mugunta har da ƙarya. Na ji saukar igiyar shanu a jikinka, na ƙirga har na ɓace, ban ji kukanka ba. A ranar zafi ya hana ni magana. Washegari tsoro ya hana ni. Bayan kwana bakwai kuma, da aka kwance tsumman aka ga idon ya mutu, kowa yana lallashina, ana ba ni nono da zuma, ana ce mini baiwar Allah, sai na ga ba zan iya mayar da wannan duka in karɓi igiya ba.

Baba bai kore ka ba. Abin da ya yi ya fi kora. Ya daina amsa gaisuwarka, ya sa aka raba maka akushi, in zai aike ka sai ya faɗa wa bango. A gari yara suka sa maka suna mai dafi, iyaye suka hana 'ya'yansu bin ka. Kana shigowa ɗakin da nake kwance ka zauna a bakin ƙofa, ka ajiye mini kanya ko magarya ka fita. Ina ci, Yaya. Ina cin abin da ka kawo, bakina kuma a rufe.

Da aka gama yankan dawa fatake suka biyo, ka je ka sami madugu ka ce za ka bi jakuna. Baba ya ce, "In ka hita, ka hita ke nan." Ka ɗaure 'yar rigarka a sanda, ka zo ka tsaya a gaban Inna tana daka. Kowa ya san kai ɗan fari ne, ba ta kama sunanka, ba ta zama inda kake, ba ta yabonka ko kare ka a gaban mutane, haka aka san uwa mai kunya. Amma na ga fuskarka da idona mai rai. Jira kake ranar ta zama daban, ko da kalma ɗaya ce. Ka daɗe a tsaye. Taɓaryarta ba ta tsaya ba, kanta bai ɗago ba. Ka juya ka fita.

Abin da ba ka gani ba shi ne, geron nan ta daka shi har ya wuce gari, tana ta daka turmin da ba sauran abin dakawa, sai da maƙwabciya ta zo ta riƙe taɓaryar.

Ni kuma aka daina aikena ko'ina. Aka kai ni wurin matar liman da allo, wai tunda ba zan yi talla ba in yi karatu. A can na iya rubutun da kake ji yanzu, don haka kada ka ce wani na sa ya ƙawata mini magana. Na yi aure, na haihu, na binne, na yi gudun hijira, duk da maganar nan a ƙirjina. Da Baba yana ciwon ajali na shiga in faɗa masa, na durƙusa, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko zai sha kunu. Ya tafi yana ganinka da laifi. Wannan ba ni da yadda zan gyara shi, kuma shi ya fi komai ci mini rai.

Ɗana na fari ya kai shekarunka na lokacin. Duk bakan wasan da ya yi sai na karya na sa a murhu. Kwanan baya ya tsaya a gabana ya ce duk sa'anninsa suna koyon harbi don hawa ganuwa, shi kaɗai uwarsa take so a rufe ƙofa da shi a waje. Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na sauke hannun. Yanzu yana da bakansa, a gidan abokinsa yake ajiyewa, ni kuma ina yi kamar ban sani ba.

Inna kuwa, tun da muka shigo garin nan, duk ranar da ta ji kukan jakunan fatake sai ta aiki yaro ya tambayo daga ina suke, hanya lafiya, da ruwa ko babu. Ba ta taɓa cewa a tambayo ka ba. In zancenka ya taso a gida sai ta ce miya tana ƙonewa, ko da ba a ɗora ba.

Ranar da bafataken nan ya ba ni labari, na shigo wurin Inna. Bayan azahar ce, tana kwance a inuwar rumbu, na zauna ina shafa mata man shanu a ƙafa. Na ce an ga yayana a hanyar kudu, da ransa. Sai ta tambaye ni ko can ma an yi damina mai kyau. Raina ya ɓaci. Na ce mata shekara ashirin da shida ana kunya, ga inda kunyar ta kawo mu, ɗa yana yawo a duniya da laifin da bai yi ba. Daga nan bakina ya ɓalle. Na faɗa mata sakaina, na faɗa mata tinya, na faɗa mata faifai, ina kuka kamar 'yar shekara takwas ɗin.

Ba ta janye ƙafarta ba. Ta ce, "Na gan ki ran nan. Ina bakin danga ina shanyar kuɓewa, kina tsoma su ɗaya-ɗaya."

Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce da farko ta ɗauka wasan yara ne, ta ce a ranta in ta sauke tukunya za ta zubar da kiban, sai aiki ya ɗauke mata hankali. Da abin ya faru kuwa, tsakar gida cike da 'yan'uwan Baba da maƙwabta. Ta ce wace uwa ce za ta miƙe a gaban surukai ta wanke ɗan farinta, ta ɗora laifi a kan ƙaramar da ke kwance ido yana zuba? Cewa za a yi ta zubar da kunya, ta yi ƙarya don ɗanta, kuma ba mai yarda. Ba aikinta ba ne, aikin gwaggo ne ko kaka su roƙa maka, mu kuwa kakarmu ta rasu, gwaggonmu tana aure nesa. Ta zauna tana jiran fushin Baba ya huce, tana kuma jiran in faɗa da bakina. Ni ina jiran a manta. Kai kana jiran ta yi magana. Haka muka yi ta jiran juna a gida ɗaya har fatake suka zo.

Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu ina kai mata kunu ina ajiyewa ba tare da na dube ta ba. Sannan na tuna ita kunya ce ta ɗaure mata baki, kunyar da aka rene ta da ita tun tana yarinya aka ce mata ita ce mutunci. Ni kuwa ba abin da ya ɗaure nawa sai son nono da zuma. Sai na koma na ci gaba da shafa mata mai.

Akwai abu ɗaya da ban sani ba, kai kaɗai ka san shi. Da ka ce wa Baba ba ka sani ba, da gaske ba ka sani ba ne, ko kuwa ka gane aikin wace ce ka rufa mini? In ba ka sani ba, to yau ka ji, ka yi fushi da ni iya son ranka, na cancanta. In kuwa ka sani, to nauyin ya fi ƙarfina, ban san da wane baki zan gode maka ba. Ko wanne ne, ina roƙonka gafara don Allah da Annabi. Idon nan ban taɓa bin ka bashinsa ba. Na daɗe da sabawa, har zare ina sawa a allura.

Jiya da hantsi na shimfiɗa tabarma kusa da ita, na jiƙa tawada, na fere alƙalami. Matan gidan da muke zaune suna tsakar gida, wasu na daka, wasu na tsinke zogale. Na ce Inna, zan rubuta wa yayana takarda, me zan ce daga gare ki? Na ɗauka za ta ce in gaishe shi, ko ta ce rana ta yi a mai da ita ɗaki. Ta daɗe tana kallon katanga har na fara rubuta bisimilla. Sai ta ɗaga murya yadda ban ji ta ɗaga ba tun da ta kwanta.

Ta ce, "Ki ce ma Haruna ya taho gida. Ki ce ni na ce."

Dakan ya tsaya. Wata tsohuwa ta kama baki. Ni kaina sai da na yi jim kafin na gane wa take nufi, don tun da aka haife ni ban taɓa jin sunanka na yanka a bakinta ba. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta ja mayafi ta rufe fuska ba. Ta dube ni ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa, kada in gyara mata.

To na rubuta, Yaya. Ka ji.

In za ka zo, kada ka taho kai kaɗai, ka jira ayari mai masu baka. Kada ka ratsa daji don gajerta hanya. Ka lissafa tafiyarka yadda za ka iso kafin la'asar, don in an rufe ƙofa ba a buɗe wa kowa. Ta gabas za ka shigo, ka ce wa mai tsaro gidan Kande mai fura kake nema, kusa da rijiya. Ba sai ka kawo tsaraba ba. In kana da mata da 'ya'ya ka bar su tukuna, garin nan ba wurin kawo yara ba ne. Ka dai yi sauri, jikin nata kullum rage nauyi yake a hannuna in na ɗaga ta.

Allah ya sa takardar nan ta same ka da rai da lafiya. Allah ya kare ka daga sharrin hanya, ya rufe idon mahara daga ayarinku. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da ya yi bisa rashin sani, ya yafe mini abin da na yi ina sane. Allah ya ara wa Inna kwana har ka durƙusa a gabanta. Wanda ya karanta, da wanda ya ji, da wanda ya kai labari, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.

Na gaishe ka, na sake gaishe ka.

Ƙanwarka mai laifi,
Kande, daga cikin ganuwar Runka.